Fim ba rubutaccen labari: asarar da na yi a bakin Gulbin Maraɗi

Wata huɗu ke nan da muka gama tace fim ɗinmu, amma har yanzu idan na bi ta bakin Gulbin Maraɗi sai raina ya ɓaci. Ni ne na ɗauki nauyin aikin, daraktan kuwa dattijo ne da nake ganin girmansa, kuma tun ranar farko bai ɓoye mini ba cewa shi ba ya aiki da rubutaccen labari. Shafi ɗaya ya zo da shi: saurayi ya bar ƙauyensu kusa da Tibiri ya shigo birni neman kuɗin aure, ya koma ya tarar an ba da yarinyar ga wani. Sauran magana, in ji shi, tana bakin 'yan wasa.

Yakan kafa hujja da Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana fim a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, wanda yakan bar mutanensa su ƙirƙiri maganarsu da kansu, kuma ta hannunsa Oumarou Ganda, daraktan fim ɗan Nijar, ya shiga harkar kafin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Salon namu daraktan shi ne ya ja kowane ɗan wasa gefe ya raɗa masa abin da yake so, ba tare da abokin wasansa ya ji ba, sannan ya bar kyamara tana ɗauka ko da an gama abin da aka shirya.

Ba zan ce salon bai yi amfani ba. A kasuwa ya tura jaruminmu wurin wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda ta yarda a ɗauke ta amma ba ta san abin da zai faɗa ba. Ya ce mata, "Inna, ki ba ni bashi, yau ban karya ba." Ta yi masa faɗa sosai a kan samarin da ke barin gona, sannan ta ƙulle masa ƙuli-ƙulin ta ce ya tafi kyauta. Babu marubucin da zai rubuta wannan, kuma shi ne wurin da ya fi taɓa zuciyar masu kallo.

Kuskurena shi ne na ƙi ɗaukar wanda zai riƙa rubuta abin da aka faɗa a kowace fitowa. Daraktan ya ce komai yana kansa, ni kuma na ga sauƙin kuɗi na yi shiru. A watan Afrilu muka ɗauki rabuwar masoyan a cikin rairayin gulbi, lokacin ba ɗigon ruwa, kuma cikin kukanta jarumar ta ce mahaifinta ya rasu tun tana goye. Kowa ya yaba, har da ni. Bayan mako uku muka ɗauki fitowa biyar inda mahaifin nan da ransa yake zaune da uwarta yana yanke maganar aurenta, babu wanda ya tuna.

Sai a watan Yuli mai tace hoto ya kira ni ya nuna mini. A lokacin gulbi ya kawo ruwa, fadama ta yi kore shar, rairayin da muka tsaya a kansa ya nutse. Muka gwada ɗora wata murya, amma an ɗauko fuskarta kusa ƙwarai, bakin bai dace da maganar ba. Cire wurin kuma ba zai yiwu ba, domin a kansa labarin ya rataya. Da na je wurin daraktan sai ya ce, "Alhaji, bar shi haka, mai kallo zai ɗauka baffanta ne." Na ce masa, "Malam, matan garin nan da ke bin fim daki-daki ba za su bar mu da wannan ba." Wannan amsar tasa ta fi asarar yi mini ciwo, domin ta nuna mini cewa abin da nake gani ɓaraka shi bai ɗauke shi komai ba.

Dole muka sake ɗauko jarumar daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, muka sake hayar kyamara da mota, muka mayar da rabuwar cikin zaure, tare da fitowa biyu da ke manne da ita. Jaka 300 suka tafi, kuma kyakkyawan hoton rairayin nan da hasken la'asar, wanda saboda shi muka zaɓi wurin, bai shiga fim ɗin ba.

Duk wanda zai zuba kuɗinsa wurin darakta mai irin wannan salo, kada ya hana shi sakin 'yan wasa, amma ya ajiye mutum ɗaya da littafi da waya, ya rubuta duk wani suna, dangantaka ko mutuwa da ta fito daga bakin ɗan wasa, ya ɗauki hoton tufafin kowa, kuma a saurari aikin yini a daren ranar. Abin da ya dogara da rani kuwa a duba shi tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Daraktan ya sake zuwa mini da wani shafi ɗaya a makon jiya, na ce masa na yarda, amma ƙanena zai zauna kusa da kyamara da littafinsa daga ranar farko har ta ƙarshe.