Ma'aunin zafi mai bakin ƙarfe ya cinye mini kayan gwaji

Duk wanda zai gwada jel mai maganaɗisu a nan Maraɗi, kafin ya kashe ko dala a kan sinadarai ya fara duba abin da zai auna zafi da shi. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma abin da na so nuna wa ɗalibaina bai da yawa: cewa garin ƙarfe ɗan mitsitsi, in an kulle shi cikin jel aka sa shi tsakiyar naɗin waya mai juya maganaɗisu, zai ɗumama da kansa ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Da wannan dabarar ake neman kai zafin kumburin ciwon daji, wato ƙari, zuwa digiri 42 zuwa 45, inda ƙwayoyinsa ke galabaita, maganin sankara da gashin da ake yi wa ciwon da haske a asibiti su fi kama su. Tun 1957 wani likitan Amurka, Gilchrist, ya gwada ta a kaluluwar karnuka, kuma a 2010 Turai ta amince da NanoTherm na Jamus, magani mai aiki da wannan dabarar, don ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa. Amfanin jel shi ne ya riƙe garin wuri ɗaya, kada ya bazu cikin jiki.

Haɗa garin bai ba ni wuya ba. Hanyar wani masanin sinadarai ce mai suna Massart, ta 1981: gishirin ƙarfe iri biyu, kashi ɗaya na Fe2+ da kashi biyu na Fe3+, ka zuba amoniya kana motsawa, nan take ruwan ya koma baƙi ƙirin. Ka kara mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a gindin kwalba, sai ka ga baƙin ya taru wuri ɗaya, ruwan sama ya washe. Jel kuwa na yi shi da garin aljinet da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar haƙora da shi, aka sayo mini daga Kano da tsada, don kuɗin mota ma ya kusa kai kuɗin kayan.

Naɗin wayar wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa ya yi mini, da bututun jan ƙarfe da ƴar na'urar da ake ƙona ƙarfe da ita. Na tsoma ma'aunin zafi na lantarki, irin mai dogon tsinken ƙarfe, na kunna. Cikin ƴan mintoci lamba ta haura 45. Na canza yawan garin, ta haura. Na rage, ta haura. Na cika littafi da lambobi masu kyau, na zana jadawali, har na fara faɗa wa abokan aiki cewa abin ya yi. Kowane gwaji yana cin jel sabo, domin in ya daskare ba a sake narkar da shi, ga shi aljinet ɗin yana ta raguwa.

Ranar da na mayar da na'urar a gyara mata wata waya da ta ƙone, dattijon ya ce in nuna masa abin da nake yi da ita. Ya kalli tsinken ya ce, “Malam, wannan abin da kake tsomawa ba ƙarfe ba ne?” Na ce, “Ƙarfe ne, Baba.” Bai ƙara magana ba. Ya ɗauki ƙusa da filaya ya riƙe tsakiyar naɗin, kafin in ce wani abu bakinta ya yi ja. Sai ya cire jel ɗin, ya sa tsinken shi kaɗai a kofin ruwan randa. Lamba ta hau kamar yadda ta saba.

Ashe duk tsawon lokacin nan tsinken ke gasa kansa, ni kuma ina rubutawa. Abin da har yanzu ke ƙona mini rai shi ne bidiyoyin da ke yawo a intanet: za a nuna maka baƙin ruwa da lambobi suna hawa, ba wanda zai ce maka masu binciken gaske da zaren gilashi mai aiki da haske suke aunawa, saboda wannan matsalar. Ma'aunin zaiba ma ba mafita ba ne, zaiba ƙarfe ce. Wanda ya cece ni shi ne na gilashi mai jan ruwa, wanda ke kwance cikin kabad tun farko, kuɗinsa bai kai rabin na lantarkin ba.

Da na sake aunawa da ɗan abin da ya rage, zafin gaskiya ya fito, kuma kaɗan ne. Garin da ke yawo cikin ruwa ya ɗumama a hankali. Wanda ke cikin jel da ƙyar ya motsa. Wannan aƙalla yana da dalili a littafi. Ƙwayar ƙarfen tana fitar da zafi ta hanya biyu: ko ita kanta ta riƙa juyawa tana gogar ruwa, ko maganaɗisun cikinta ya juya ita tana tsaye, hanyar da ake kira da sunan Louis Néel, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1970. Jel yana ɗaure ƙwayar, hanya ta farko ta mutu. Ta biyun kuma sai ƙwayoyin sun yi ƙanana sosai, ƙasa da nanomita 20 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ba su dunƙule ba. Nawa sun dunƙule, domin ban lulluɓe su da komai ba. Tsinken ƙarfen nan ya ɓoye mini wannan duka, da na gani tun farko da na nemi ƙaro na gwada lulluɓe su tun aljinet na nan.

Wani ya tambaye ni ko za a iya shafa wa mai ƙari a jiki. A'a. Abin da na haɗa akwai sauran amoniya a ciki, na nuni ne a aji, kuma bai da alaƙa da mundayen maganaɗisun da ake tallatawa a tasha da sunan magani.

In za ka gwada, kowane awo ka haɗa shi da jel wanda ba garin ƙarfe a ciki, ka ɗebe abin da ya nuna, don bututun kansa yana zafi yana hura wa kofin. Ka raba su da soso ko auduga. Kuma ka yi awon da asuba. A watan Afrilu ɗakin gwajinmu da rana yana kai digiri 40 tun ba a kunna komai ba, ka ga tsakaninka da 42 ba nisa, ƙarya ba ta da wuyar shigowa. Aljinet na biyu na riga na aika a sayo, amma sai bayan sallah zai iso.