Abin da Na Gani a Taron Shugabannin Al'umma

Na halarci taron shugabannin al'umma kan wariyar launin fata da ƙaura, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata mata da ta miƙe riƙe da takardun neman mafakarta cikin leda, tana bayyana yadda masu gidajen haya ke janye maganarsu da zarar sun ji lafazinta. Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 tana kare wanda aka tsananta wa saboda dalilai irin su launin fata, addini ko ra'ayin siyasa, amma ba ta ambaci wanda fari ya raba da gonarsa ba. Ya dame ni matuƙa cewa sai bayan manyan baƙi sun watse aka ba masu irin wannan ƙorafi damar magana.