Dashen Tumatir a Zariya: Kowane Iri da Lokacinsa

Duk wanda ya zo gidan renonmu sayen dashe, kafin a yi maganar kuɗi sai mun tambaye shi: Malam, yaushe za ka dasa? Irin tumatir Roma VF da UC82B 'yan hunturu ne, a fadamar Galma suna cika kwando. Amma bari furensu ya riski Maris da Afrilu, rana ta haura digiri 35, dare kuma bai huce ba. Garin furen ya lalace, barbara ba ta kamawa. Ganye shar, fure na kakkaɓewa. Manomi ya yi ta ƙara taki, alhali ba yunwa ba ce, jinin irin ne.

Domin bazara muna reno ne da iri mai aure, wanda ake rubuta wa F1. Da hannu ake yin sa: a cire mazan furen uwa kafin ya buɗe, a shafa mata garin furen uban da aka zaɓa, fure ɗaya bayan ɗaya. Tsadarsa ke nan. To, sai wasu su matse nunannen tumatir ɗin F1, su shanya ƙwayar, su zuba a leda mai hoto, su karya farashi. Jikokin nan ba sa bin iyaye. Wani dogo, wani wada, wani ya zubar da fure tas. Kafin manomi ya gane, kakar ta wuce.

Mu ko daga dila muka karɓo iri, sai mun jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan kwana 10, in waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ya koma inda ya fito.

Damina kuwa ciwon yaushi ne matsalarta. Tsiro ya kwanta ɗanye, ganye bai ko yi rawaya ba. Yanko karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa; in farin abu kamar madara ya zuba zare-zare, shi ne. Haruffan V da F ɗin jikin ledar iri, kamar na Roma VF, alamar juriya ce ga wasu cututtukan yaushi biyu daban, ba ga wannan ciwon ba. Sai mu ɗora kan tumatir bisa gindin yalo mai juriya, a yanka su a karkace, a maƙale, su yi mako guda a inuwa mai laima.

Dashenmu yana fita a mako 3 zuwa 4, bayan mun rage masa ruwa a makon ƙarshe don ya yi ƙwari. A cikin raga yake tashi, saboda tsutsar Sharon da ta cinye gonaki a 2016.