Talata: zaruruwa huɗu, alƙalami ɗaya

Tun bayan sallar asuba na zauna gaban kwamfuta a ɗakina da ke unguwar Zaria a Maraɗi, domin in kammala aikin da aka ba mu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kafin rana ta yi zafi. A ido aikin ƙarami ne: a rubuta manhaja da harshen C, a buɗe zaruruwa huɗu, wato sassan manhaja masu aiki a lokaci guda, da kayan aikin da ake kira pthreads, kowane zare ya ƙara ɗaya a kan ƙidaya guda har sau miliyan ɗaya. Jimillar da ake jira ita ce 4,000,000.

Abin da ya fito a karon farko bai kai miliyan biyu ba. Na sake gwadawa sau biyar, kowane karo da lambarsa dabam, alhali ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin na saba da kuskuren da ke tsayawa wuri guda har a kama shi.

Sai wajen hantsi na gano bakin zaren. Ƙara ɗaya, da nake ɗauka aiki guda ne, ashe matakai uku ne a wurin na'ura: ta karanto lambar daga ma'adana, ta ƙara mata ɗaya, sannan ta mayar da ita. Kamar malamai biyu ne masu ƙidayar buhunan gyada a babbar kasuwa da littafi ɗaya. Dukansu sun leƙa sun ga 50, kowa ya rubuta 51, buhu guda ya salwanta ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Ni dai rige-rige nake kiran abin.

Na sa makulli, wanda ake ce wa mutex, ta yadda zare ɗaya kaɗai zai taɓa lambar a lokaci guda. Lissafi ya daidaita, amma manhajar ta yi jinkiri fiye da sa'ad da zare ɗaya ke yin aikin shi kaɗai.

Bayan la'asar na sami malaminmu na ce, “Malam, makullin ya gyara lissafi, amma ya kashe gudu.”

Ya yi murmushi ya ce, “Ka tara ma'aikata huɗu ka miƙa musu alƙalami ɗaya, me kake tsammani?” Daga nan ya tuna mini da ƙa'idar da masanin kwamfuta Gene Amdahl ya kawo a 1967: idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko zaruruwa dubu aka zuba, saurin ba zai wuce ninki goma ba.

Da na dawo gida na ba kowane zare ƙidayarsa ta kansa, na haɗa su huɗun a ƙarshe bayan duk sun gama. Na gwada sau ashirin, 4,000,000 na fitowa, cikin ƙiftawar ido kuma. Duk da haka gwajin ba shi ya kwantar mini da hankali ba, sai da na bi layukan ɗaya bayan ɗaya na tabbatar babu lambar da zaruruwa biyu ke rubutawa tare.

Gobe za mu shiga matsalar da masanin kwamfuta Dijkstra ya ƙirƙiro a 1965, ta masana biyar a teburin abinci, inda sai da cokula biyu ake ci, amma kowa na riƙe da ɗaya yana jiran na maƙwabcinsa, a yi cirko-cirko babu mai ci.