"Anti, a sa mini filasta"

A shekarata ta farko a ɗakin maganin wata makarantar kwana ta 'yan mata, babu abin da ya fi ɓata mini rai kamar filasta. Kwali ɗaya ake ba ni a farkon zango, kafin wata ya raba ya ƙare. Da an fita tara sai su yi layi a bakin ƙofa, kowacce da yatsa a sama: "Anti, a sa mini filasta." In na duba, ƙarzuwa ce da ko jini bai fito ba. Daga babban asibiti aka kawo ni, inda na saba da ɗinki da ƙarin ruwa da waɗanda suka yi haɗarin mota, don haka nake ganin wannan ɓata lokaci ne. Sau da yawa daga kan kujerata nake cewa, "Je ki wanke, ba komai."

Wata 'yar aji uku ce ta raba ni da wannan hali. Sau biyu tana zuwa tana cewa takalmi ya goge mata ƙafa, sau biyu ina miƙa mata filasta ba tare da na sa ta cire safa ba. A zuwa na uku na lura tana ɗingishi. Da ta zare safar sai ga ɗan gyambo a gefen idon sawu, bai fi faɗin kwabo ba, amma ya yi zurfi, gefensa ya yi tauri, ga ruwa yana tsatsowa. Na ɗago kaina na dubi idanunta, na ga farin ya ɗan yi ɗorawa.

"'Yata, kina da sikila?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce Ummanta ce ta hana ta faɗa, kada a riƙa yi mata gori a ɗakin kwana.

Na san wannan gyambo tun ina makarantar koyon jinya. Jinin mai sikila ba ya zagayawa sosai a wajen idon sawu, shi ya sa 'yar ƙarzuwa kan zama ciwon da zai yi watanni bai rufe ba. Na kuma san Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, ana kiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Duk na sani, amma na bar yarinyar ta yi mako biyu tana liƙa filasta a kan ciwon da yake bukatar likita. Mun kira iyayenta, aka kai ta asibiti, kuma sai da zangon ya kusa ƙarewa kafin wurin ya haɗe. Har yau in na tuna makonni biyun nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Tun daga ranar, duk wadda ta nemi filasta sai ta zauna a benci na gani da idona. Minti biyu ne. In wanke hannu, in sa safar hannu, in zuba ruwa mai tsabta a kan ciwon har ƙasar da ke ciki ta fita, in wanke kewayensa da sabulu. Na daina kwarara sifirit a cikin buɗaɗɗen ciwo. Raɗaɗi yake jawowa, yana kuma lahanta naman da ke ƙoƙarin warkewa. In jini yana zuba, a danne da gozi (ƙyallen ɗaure ciwo) mai tsabta kamar minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Sai bayan nan ake maganar rufewa. Ciwon da ke tafin hannu ko ƙafa, inda datti da gogayya suke, a rufe shi, a canza kullum ko da zarar ya jiƙe. Nakan kuma gaya wa kowacce abin da zai dawo da ita da gudu: ja, kumburi, mugunya, zazzaɓi, ko kaluluwa.

Abin da ya fi tsorata ni yanzu shi ne ciwon da ba ya da girma a ido. Yarinya ta taka ƙusa a bayan kicin, ɗan ɗigo kawai za ka gani. Mutane suna ɗora laifin a kan tsatsa, alhali ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, kuma rami mai zurfi marar iska shi take so. Shi ya sa nake tambayar rigakafi. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariyarta, amma da yawa daga cikin yarana ba su san ko an yi musu ba, kuma kariyar tana raguwa da shekaru. Irin wannan ba na tsayawa, asibiti nake turawa. Haka nake fama da waɗanda suke zuwa sun riga sun barbaɗa toka ko ƙasa, ko sun shafa man goge baki a ƙuna. Ba na yi musu faɗa, abin da suka gani a gida ne. In wanke, in yi bayani a hankali.

Akwai kuma 'yan aji ɗaya, musamman a makonnin farko. Yatsa lafiya lau, ido cike da ƙwalla. Wata kewar gida ce, wata kuma manyan ɗalibai ne suka sa ta wankin da ya fi ƙarfinta har fatar hannu ta saɓule, ba ta da hanyar faɗa sai ta filasta. Malami zai iya hana ɗaliba fita daga aji a kan komai, amma da wuya ya hana ta zuwa wurin nas. Sun gane haka. Ina wanke hannun ina tambaya, "Wa ya sa ki wanki?" Amsoshi da dama sun kai ni ofishin shugabar makaranta.

Da hunturu faso ne ke cika layin. Shi filasta ba ya masa komai. A jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi da dare, a shafa man kaɗanya, a sa safa. Yanzu ina ajiye gwangwaninsa kusa da kwalin filastan, wanda har yanzu ba ya kai ƙarshen zango. Na rubuta wa hukumar makaranta a mayar da kwalin filastan uku, an ba ni biyu.