Rubutu ɗaya, furuci biyu: darasi daga ajin Turanci

Duk mai karanta Hausar boko ya san "gari" na iya zama inda jama'a ke zaune, ko abin da ake tuƙa tuwo da shi, tunda rubutun ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Jimla ce ke raba gardama. Abin mamaki, da an buɗe littafin Turanci sai ɗalibi ya manta da wannan dabara, ya riƙe wa kowace kalma furuci ɗaya.

Mafi yawan irin waɗannan kalmomi masu gaɓa biyu ne, kamar record, present, object da produce. In kalmar suna ce, murya kan yi nauyi a gaɓar farko. In aikatau ce, nauyin ya koma ta biyu. Don haka a fara duban abin da ya gabace ta. In an ga a, the ko my, suna ke tafe. In kuwa will ko can ne, aikatau ce. Nan ake yawan zubar da maki a ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC, domin kunnen Bahaushe hawa da saukar murya ya saba bi. Dokar ma ba ta game kowa ba: report da respect a gaɓa ta biyu suke riƙe nauyinsu ko yaya aka yi amfani da su, sai dai a haddace.

Wasu kuma wasalin ne ke sauyawa gaba ɗaya. Wind na iska "wind" ne, na naɗewa kuma "waind". Minute na agogo "minit" ne, amma in ana nufin ɗan mitsitsi sai a ce "mainyut". Tushen wannan rikici tsoho ne: tun daga 1476 da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila rubutu ya fara daskarewa, alhali wasulan na ci gaba da sauyawa a bakin mutane.

Read ce ta fi wahala. Bayan have ko had, "red" ake cewa. Amma "they read" ba ta da wata alama, dole ido ya riga baki ya nemo yesterday ko every day a gaba. Daga nan kuma wani kuskuren ke fitowa: ɗalibi ya ga shuɗaɗɗen lokacin read bai sauya rubutu ba, sai ya yi wa lead haka. Wanda ya jagoranta jiya led ake rubuta masa. Lead mai furucin "led" dalma ce.