Kafin a Rataye Manufar Ekklisiya a Bango

Majami'u da yawa a Jos suna da allo a bayan bagade, an rubuta manufar ekklisiya da manyan haruffa. Tsayar da mutum goma bayan sujada ka tambaye su me ke jiki, da wuya biyu su faɗa maka. Ba laifinsu ba ne. Galibi fasto da sakatare ne suka tsara a ofis, aka karanta cikin sanarwa, jama'a suka ce amin. Darasin farko a aikin tsara manufar ekklisiya ke nan: abin da ba a tambayi mutane a kansa ba, ba za su ɗauka a kai ba.

A ware wa aikin wata uku, kada a kai shi Disamba, lokacin da bukukuwan aure da tafiya ƙauye suke kwashe rabin majami'a. A kafa kwamiti na mutum bakwai zuwa tara: dattijo, mutum biyu daga zumuntar mata, matasa biyu, malamin makarantar Lahadi, da ma'aji. Fasto ya kasance a ciki, amma kada ya riƙe kujerar shugaba. In Baba Rabaran ya fara magana, sauran sai gyaɗa kai.

Wajen sauraron jama'a ma, dalilin da ya sa babban taro ba ya aiki ke nan. A gaban dattawa, yarinyar ƙungiyar mawaƙa ba za ta ce wa'azi yana tsawo ba, gwauruwa kuma ba za ta ce tun jana'izar mijinta babu wanda ya leƙo ta ba. Sai a raba zaman: mata daban, matasa daban, masu sujadar Hausa daban da masu ta Turanci, kowane rukuni mutum goma zuwa sha biyu, awa ɗaya da rabi. Tambaya uku sun isa. Me ya riƙe ka a wannan ekklisiya? Da za a rufe ta gobe, wa zai yi rashi a unguwar nan? Wane abu muke yi wanda ƙarfinmu ke ƙarewa a kai ba amfani? Mai rubutu ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ba suna. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna hanya: da masu bi masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana manta da gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni suka tara jama'a, jama'ar ce ta zaɓi mutum bakwai.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi a Jos. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun sauya wa mutane mazauni, har akwai majami'un da masu zuwa cikinsu suke hawo keke daga Gada Biyu ko Dadin Kowa, ba mai kwana kusa da ginin. Irin wannan ekklisiya dole ta faɗa wa kanta gaskiya: hidimarta ga maƙwabtan ginin ce, ko ga unguwannin da mambobi suka koma? A sa ido kuma kada zaman ya koma lissafin ƙabila, na Berom nawa, na Ngas nawa a kwamiti.

Bayan sauraro sai a buɗe littafin ma'aji na shekara uku. A kasa abin da aka kashe gida biyar: gini, albashi, bukukuwa, bishara, taimakon mabukata. Nan ake jin shiru. Ekklisiyar da ke cewa bishara ce gabanta, amma baiko da zakka duk sun tafi a siminti da tayil, ta riga ta zaɓi alkibla ba tare da ta sani ba.

Wajen rubutawa, a fara da Hausa, ba a fassaro daga Turanci ba. A guji kalmar "wahayi". Jama'a suna jin ta a matsayin abin da Allah ya nuna wa fasto shi kaɗai, wa zai yi gardama da wahayi? "Inda muka dosa" ya fi. Jimlar kada ta wuce abin da Mama za ta iya maimaitawa a hanyar kasuwar Faringada. A ƙarƙashinta ayyuka uku kacal na shekara biyu, kowanne da mai riƙe shi, kuɗinsa, da ranar ba da rahoto. Sannan a ambaci aƙalla abu ɗaya da za a daina, wanda shi ne ya fi jawo ɓacin rai, domin kowane shiri yana da mai shi. A je a same shi a gida tukuna, kada ya fara ji daga bagade.

A karanta daftarin Lahadi biyu a jere a kowace sujada, a karɓi gyara, a amince a taron ekklisiya. A ɗarikun ECWA da COCIN ana yi wa fastoci canjin wurin aiki, sabon zuwa kuma yakan zo da nasa tsarin. Saboda haka a shigar da shawarar cikin littafin taron dattawa, a aika kwafi ga majalisar gunduma, a sa ta cikin takardun miƙa aiki, kuma duk wata uku ma'aji ya karanta ta tare da rahoton kuɗi.